Alheri, Kafin Ki Shiga Wurin Masu Sayar da Mota

Kafanchan,
Lahadi, bayan sujada.

'Yata Alheri,

Ina gaishe ki a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Addu'ata ita ce wannan takarda ta same ki kin sauka Lokoja lafiya, ke da kayanki, ba abin da ya fashe a hanya. Na cusa ta a bakin buhun acca don na san shi za ki fara kwancewa. Babanki yana nan kusa da ni a baranda, yana ta tambayata me nake rubutawa haka da tsawo, kamar mai jarrabawa.

Jiya da muke cin abinci da baƙin da suka zo yi miki ban kwana, kin ce wurin aikinku suna ba sababbin likitocin dabbobi bashin mota, a riƙa cirewa a albashi. Kin kuma ce wani mai sayar da motoci ya riga ya samu lambarki, yana kiranki safe da yamma. Kowa ya yi tafi, har matan zumunta suka yi guɗa. Ni ma na yi murna, Allah ya sani. Amma kin ga na yi shiru, don maganar da ke bakina ba ta gaban mutane ba ce. Labarin motar nan tamu mai ruwan toka nake so in ba ki, wadda kike cewa ta tsufa, in sayar. Kina makarantar kwana a Zonkwa lokacin da aka saye ta, kuma mun ɓoye miki abubuwa da yawa don kada karatunki ya lalace.

Kin san shekarar da hawan jini ya kayar da babanki a ofishinsa na makaranta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Abin da ba ki sani ba shi ne wahalar zuwa Jos. Likita ya ce sai an riƙa kawo shi gashin ƙashi a kai a kai, in ba haka ba ƙafar ta tafi ke nan. Muna da tsohuwar motar nan 'yar Kwatano da babanki ya koya mini tuƙi da ita, to ita nake ja. Wata rana da damina, muna cikin Hawan Kibo, ta yi tari ta mutu. Ruwa na zuba, manyan motoci na wucewa suna watsa mana taɓo, babanki a kwance a baya ba ya iya ko daidaita zamansa. Na fito ina ɗaga hannu, zanina ya jiƙe sharkaf. Kafin a samo makanike, lokacin ganin likita ya wuce. Da na leƙa ta taga, na ga babanki yana hawaye, bakinsa a karkace, yana ƙoƙarin ce mini in yi haƙuri. Shi da ke kwance shi ne yake ba ni haƙuri. A nan na yi wa kaina alkawari cewa ba zan sake sa mutumin nan a motar da wani ya gama cin moriyarta ba. Ko ƙarama ce kamar akwatin ashana, sabuwa zan saya.

Ubangiji ya yi mana alheri a shekarar. Busasshiyar cittar da na ajiye a sito ta yi kuɗi fiye da yadda na taɓa gani. Na sayar da ita duka, na kwashi adashena, aka biya babanki ɗan haƙƙinsa na barin aiki, innarki ta Gwantu ta sayar da aladunta biyu ta kawo mini ba tare da na roƙa ba. Na haɗa na kai banki, na kama hanyar Kaduna ni kaɗai.

Tafiya ni kaɗai ɗin nan ita ce kuskurena na fari. Na ce a raina, ni da na yi shekaru ina ciniki da manoma da manyan dillalan citta daga Kachia har Kwoi, wa zai koya mini sayen abu? Ban san ciniki a kan buhu a filin kasuwa daban yake da ciniki a ɗakin gilashi mai sanyi ba. Na sa atamfata ta zuwa coci, na ɗaura ɗankwali, na shiga wani babban wurin sayar da motoci. Motoci a jere suna ƙyalli har ina ganin fuskata a jikinsu. Wani saurayi mai kwat, sunansa Felix, ya taso da sauri ya karɓi jakata.

"Mama, sannu da zuwa. Daga ina?"

"Daga Kafanchan."

"Kai, Mama, ai ke tamu ce! Kakata 'yar wajen Kagoro ce. Zauna, zauna, ki huta."

Ya kawo mini lemo mai sanyi. Ya tambayi lafiyar gida. Alheri, watanni ke nan ba wanda ya zaunar da ni ya tambaye ni yaya nake, kowa babanki yake tambaya. Sai bakina ya buɗe. Na gaya masa ciwon, na gaya masa Hawan Kibo, na gaya masa cewa dole in samu mota kafin ranar komawa asibiti. Da ya ce, "To Mama, kamar nawa kika tanada?" sai na faɗa masa gaskiya, har ƙwandalar ƙarshe. Ni da ban taɓa bari manomi ya san abin da ke cikin lalitata ba.

Kada ki yi haka. Mai sayarwa yana iya zama mutumin kirki, amma ba faston ki ba ne. Abu uku ki riƙe a cikinki: nawa kike da shi, me ya matsa miki, da kuma yaushe kike so. Musamman ke, kada ki faɗi iyakar bashin da ofis ya yarda ya ba ki. In kin faɗa, za ki ga abin mamaki, farashin kowace mota zai zo ya tsaya daidai a kan wannan adadin.

Ni ƙaramar motar na zo saya, wadda na gani a talla. Felix ya nuna mini ita a gurguje, sai ya ce, "Amma Mama, don Baba, zo ki ga wannan." Wata ja ce, babba, kujerunta na fata, da wani allo a gaba kamar talabijin. Ya buɗe mini ƙofa na zauna, ya kunna sanyi, ya sa waƙar coci a rediyon. Ƙamshin sabuwar mota ya cika mini hanci. Na rufe ido na ga kaina ina shigowa da ita layinmu, matan da suka riƙa cewa gidan hedimasta ya mutu suna leƙowa ta katanga. Ba zan ɓoye miki ba, ba babanki nake tunani ba a wannan lokacin.

Na ce kuɗina ba su kai ba. Ya ce ba komai, in ba da abin da nake da shi, sauran in riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata. Ya faɗi abin da zan riƙa biya a wata, na ji bai fi ribar 'yan buhuna ba. Ban tambaye shi wata nawa ba. Ban tambayi kuɗin ruwa ba. Sai ya duba wayarsa ya ɓata fuska.

"Mama, matsala ɗaya. Ita kaɗai ta rage a wannan kala, kuma wani Alhaji daga Zariya zai turo direbansa gobe. In kina so in riƙe miki, sai kin ajiye wani abu yau."

Na ajiye kafin alƙalami, mai kauri kuwa. Na sa hannu a takarda ba tare da na ciro tabarau daga jaka ba, don kunyar kada ya ga ba na gani sosai.

A motar haya ina dawowa, har muka wuce Kasuwan Magani ina murmushi ni kaɗai. Da na iso gida na zauna a bakin gadon babanki ina zuba masa labari, kujerun fata, sanyi, abin da za mu riƙa biya a wata. Ya saurare ni har na gama. A lokacin maganarsa ba ta fita sosai, sai ya yi ta kokawa da harshensa kafin kalma ta fito. Ya ce, "Duka... nawa?"

Wallahi ban sani ba. Kin ji na ce wallahi, to ki san abin ya kai.

Wannan ita ce tambayar da nake so ki shiga da ita. Duk wanda ya fara miki da abin da za ki biya a wata, ki ce masa ya dakata. Ki ce ya rubuta miki kuɗin motar duka, da lamba, da inshora, da kuɗin kawowa, da duk wani abin da zai fito daga baya, har ta taka titi da sunanki a takarda. Ku gama ciniki a kan wannan tukuna, kamar mai biya kuɗi hannu. Maganar yadda za a biya ta zo daga baya, ita ma ki sa a haɗa miki jimillarta. Kuma ki sa tabarau ɗinki, ke ma idonki irin nawa ne.

Washegari Asabar ce, ranar da Papa Okeke yake zuwa yi wa babanki aski. Kin san shi tun kina rarrafe, amma ban sani ba ko kin san tarihinsa. Mahaifinsa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi garin nan, a kwatas ɗin reluwe aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa, ni da na tsince ta a kasuwa bayan yarenmu. Tun da babanki ya kwanta, ba Asabar ɗin da bai zo da reza da sabulu ba. Yana cikin aski babanki ya nuna masa takardar wurin Felix da hannun hagu. Papa Okeke ya goge hannunsa, ya karanta ta daga sama har ƙasa, ya koma ya sake. Bai yi mini dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya karɓi biro ya yi lissafi a bayan kwalin sabulu, ya miƙo mini. Abin da zan biya a ƙarshe ya kusa sayen ƙaramar motar sau biyu. Kuma in na kasa biya 'yan watanni a jere, za su zo su ɗauke abarsu.

"Maman Alheri," in ji shi, "in citta ta faɗi baɗi fa?"

Na ce, "Papa, na riga na ba da kuɗi."

Ya ce, "Kin ba da kaɗan. Kada kaɗan ɗin ya ja sauran. Litinin ki shirya, tare za mu."

Ya rufe shagonsa na kayan gyaran mota, ya biya wa kansa kuɗin mota, na yi na yi ya ƙi karɓa. Don haka nake ce miki ki tafi da wani. Ba dole sai namiji ba, ba dole sai makanike ba. Mutum dai wanda ba shi ne zai hau motar ba, wanda ƙamshin kujera ba zai juya masa kai ba. Ki nemi irinsa a cocin da za ki shiga, ko a cikin tsofaffin ma'aikatan ofishinku.

Da muka sauka Kaduna na nufi wurin Felix, Papa Okeke ya riƙe ni ya ce can ne ƙarshen zuwanmu. Muka shiga wani wuri muka tambayi ƙaramar motar, aka rubuta mana farashi, muka yi godiya muka fita. Muka shiga wani, haka. Abin ya ba ni mamaki, mota iri ɗaya, gari ɗaya, amma kowa da kuɗinsa. Wuri na ƙarshe ba shi da gilashi mai yawa, rumfar kwano ce babba da ofis a gefe. Mai wurin wani dattijo ne mai furfura a gemu, Alhaji Nasiru. Wannan karon na kama bakina. Na ce ina duba ƙaramar mota ne, ban yanke shawara ba.

Ya ce, "Madam, ba kuɗinki nake tambaya ba. Aikin me za ta yi? In na sani, ba zan nuna miki abin da ba zai amfane ki ba."

Na dubi Papa Okeke, ya gyaɗa kai. Na ce mara lafiya za ta riƙa ɗauka, wanda ba ya iya taka ƙafa ɗaya, kuma hanyarmu akwai ramuka. Iyakar abin da na faɗa ke nan.

Alhaji ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Ya wuce da mu can baya, wurin wata mai ruwan toka da ƙura ta ɗan hau. Ya ce sabuwa ce fil, ba wanda ya taɓa hawa, amma ƙirar bara ce, ta yi musu kwantai don mutane ba sa son kalar, kuma sabuwar ƙira ta shigo. Ba fata, ba allo. Ya buɗe ƙofar gaba har ƙarshe ya ce in duba faɗinta. Sai dattijon nan, da babbar rigarsa, ya sa aka kawo kujera kusa da motar, ya zauna, ya saki ƙafarsa ta dama kamar matacciya, ya ce wa Papa Okeke, "Oga, kama ni ka shigar da ni, mu gani ko zai yiwu." Suka yi ta fama su biyu, hularsa ta faɗi, har ya shiga. Ya ce kujerar ba ta yi ƙasa da yawa ba, mace ɗaya za ta iya. Ya sa aka buɗe but muka auna ko keken guragu zai shiga. A jar motar nan da na mutu a kanta, sai an ɗaga mutum sama kafin ya hau. Ni kaɗai ba zan taɓa iya shigar da babanki ba, kuma ko sau ɗaya tunanin bai zo mini ba.

Papa Okeke kuwa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya buɗe inji, ya yi ta tambaya. Garantin na shekara nawa ne, me ya ƙunsa, me bai ƙunsa ba. In ana so garantin ya tsaya, a ina za a riƙa yin sabis. Kayan gyaranta ana samu a Jos, ko sai an aika Legas. Ki yi waɗannan tambayoyin, Alheri. Mota mai araha da ba a samun fatar birkinta a garin da kike ba mai araha ba ce. Ki kuma ce sai kin tuƙa ta, ba zagayen fili ba, a kan titi mai gargada irin wanda za ki riƙa bi zuwa rugage.

Da aka zo maganar kuɗi, na matsa gefe don Papa Okeke ya yi. Sai ya ja kujera baya ya harɗe hannu. Ya ce mini a hankali, "Ni ƙarfe na sani. Ciniki naki ne. Ki ɗauka buhun citta ce."

Alhaji ya faɗi kuɗinsa. Na girgiza kai, kamar yadda nake yi a kasuwa. Sannan na ciro takardun wuraren da muka fara zuwa na shimfiɗa a teburinsa. Na ce waɗannan sabuwar ƙira ce, tasa kuwa ta bara ce, kuma kowane wata da ta ƙara a rumfarsa ƙara tsufa take yi. Na yi tayi.

Ya yi dariya ya ce, "Albarka. Madam, so kike in rufe shago?"

Na ƙara kaɗan. Ya rage kaɗan. Muka yi ta ja har muka tsaya, shi a can, ni a nan, ba mai motsi. Ranar asibiti ta matso, kuma na san wannan ce motar. Amma na tattara takarduna, na ce na gode da karamci, na bar masa lambata, na miƙe. Ina jira ya ce in dawo. Bai ce ba. Ya raka mu har bakin titi, ya ce a gaida mai jiki.

A tasha na kusa yin kuka. Na ce, "Papa, mu koma, na yarda da kuɗinsa."

Ya ce, "In kin koma yanzu, kin koya masa cewa tashinki wasa ne. Motar da ta yi shekara a rumfa ba za ta gudu a mako ɗaya ba. In kuma ta gudu, akwai wata."

Kafin mu bar gari muka je wurin Felix neman kafin alƙalamina. Jar motar tana nan inda na bar ta, Alhajin Zariya bai turo kowa ba. Felix ya nuna mini layin da na sa wa hannu, an rubuta ƙarara cewa ba a mayarwa. Papa Okeke ya nemi ganin manaja, ya yi magana cikin ladabi, ba zagi, ba barazana. Bayan dogon zama suka yarda su mayar da rabi. Rabin ya tafi, kuma kuɗin aladun innarki ne, shi ya fi yi mini ciwo. Da za mu fita Felix ya biyo ni, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, da la'ada ake biyanmu. In ban sayar ba, ba albashi." Na ce masa Allah ya ba shi kasuwa. Ban riƙe shi a zuciya ba. Aikinsa ya yi, ni ce ban yi nawa ba. Amma ke kada ki ajiye ko sisi don an ce miki saura ɗaya. In ma za ki ajiye, a rubuta cewa za a mayar miki in kin fasa, kuma ki biya a asusun kamfani, ba na wani mutum ba, ki karɓi rasit.

Makon nan ya yi mini tsawo. Na kai babanki Jos a motar haya, na sayi kujerun baya duka don ya miƙe ƙafa. Kullum wayata na hannuna, ko wanka zan shiga. Sai da wata ya kusa ƙarewa, ina sito ina auna citta, ta yi ƙara.

"Madam Saratu? Nasiru ne. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi, Alhaji, mun gode Allah."

"To, kuɗin da kika taya ba zan iya ba, gaskiya ke nan, in na yi na faɗi. Amma zan sauko in same ki a tsakiya. Lamba da takardu a kaina, sabis na farko kyauta, kuma direbana zai kawo miki ita har Kafanchan."

Na yi lissafi a kaina. Bai kai inda na so ba, amma ya sauka ƙasa da abin da nake da shi, har da ragowar da za ta ishe mu mai da magani na wani lokaci. Na ji a jikina cewa in na ƙara matsawa zan iya tatsar wani abu. Amma na tuna dattijon da hularsa a ƙasa. Na ce, "Na saya, Alhaji." Ya ce, "Na sallama. Allah ya sa a kashe lafiya."

Wannan ma ki riƙe. Ki yi ciniki da ƙarfi, amma ki bar wa mutum abin da zai kai gida. Wanda kika matse har ya ji haushi, za ki dawo wurinsa ranar da wani abu ya lalace, kuma zai tuna. Kuma sau da yawa abin da ba za su rage a kuɗi ba, za su ba ki a gyara, irin su lamba, sabis, ko shimfiɗar ƙafa. Ki tambaya, ba abin kunya ba ne.

Ranar da aka kawo ta ma na so in sake yin wauta. Layinmu ya cika, yara na tsalle, fasto ya zo yin addu'a, direba ya miƙo takarda na karɓi biro. Papa Okeke ya ce a dakata. Ya haɗa lambar jikin motar da ta takarda harafi bayan harafi, ya buɗe but. Tayar safaya tana nan, amma ba jak. Na kira Alhaji a tsorace, ina tunanin zai ce ai mota ta bar hannunsa. Ya ce laifin yaransa ne, ya ba da haƙuri, ya sa jak ɗin a motar haya ta Kafanchan, ya iso washegari. Har yau duk Kirsimeti sai ya kira ya yi mana barka, ni ma da Sallah nakan aika masa da citta da zuma.

Sauran labarin kin gan shi da idonki. Motar nan ta hau Hawan Kibo ba adadi, ba ta taɓa yi mana tari ba. Babanki ya tashi daga kwance zuwa keke, daga keke zuwa sanda. A cikinta muka je bikin gama karatunki, ya fito da ƙafarsa ya tsaya a hoto. Da cutar nan ta cinye citta a gonaki, 'yan kasuwa da yawa suka durƙushe, mu ba wanda ya zo ƙofarmu karɓar mota, don ba mai binmu. Duk lokacin da na tuna yadda na kusa jefa mu a rami da hannuna, sai in rasa bakin godiya. Ubangiji bai bar ni da wayona ba, ya kewaye ni da mutane. Yanzu idon Papa Okeke ya yi rauni, ni nake kai shi asibitin ido a Jos. Duk tafiya sai mun yi rigima a gidan mai, yana zaro kuɗi ina ture hannunsa.

To, ga abin da nake roƙonki. Kada ki yi sauri. Ki zauna a Lokoja 'yan watanni tukuna, ki san hanyoyin da aikin zai riƙa kai ki, ki ga abin da ke saura a albashi bayan haya da abinci da zakka ta coci. Bashin ofis bashi ne, ko da ba ki ga fitarsa da idonki ba. Mai kiran nan naki, ki gaishe shi da mutunci, ki ce za ki neme shi in kin shirya. In ya ce farashi zai tashi gobe, ki ce Allah ya kai mu goben. Kuma kada ki sayi mota don mutanen Kafanchan su gani in kin zo Kirsimeti. Za su yi kallo na yini ɗaya su koma gidajensu, ke ce za ki zauna da biyan.

Na karanta wa babanki abin da na rubuta. Ya yi dariya a wurin jar motar har da tari, ya ce bai taɓa sanin an sa mini waƙar coci ba. Ya ce in ƙara miki saƙonsa, ga shi yadda ya faɗa: kowace kika saya, ko mai kalar da ba wanda yake so ce, ki kawo ta gida ya sa mata hannu, kuma shi ne zai zauna gaba, ni in koma baya in huta, don na yi tuƙin da ya isa.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki a kan hanya, ya tsare ki daga mugun direba da mugun mutum, ya ba ki maƙwabta irin waɗanda ya ba ni. Ki riƙa cin abinci, ki nemi coci tun makon farko, ki kira mu in kin sauka ko da layi ba kyau. Innarki ta Gwantu tana gaishe ki, Papa Okeke da matarsa Mama Ngozi ma haka.

Ki zauna cikin salamar Ubangiji.

Ni ce mamanki,
Saratu